Gaisuwar Tsinke Uku

Tsinken cin abinci guda uku ne suka kusa raba ni da aikina a garin Greensboro na Amurka, suka kuma kusa sa a rubuta sunana a cikin jerin masu cin zarafin tsofaffi. Duk wanda na ba labarin nan da dariya yake farawa. Ni ma yanzu ina taya su, amma a wancan makon babu abin dariya a wurina.

Tun daga Kano abin ya samo asali, daga wani fim ɗin Chana na barkwanci da ya shigo unguwarmu ina sakandare. Ba irin na faɗa da tsalle-tsalle ba ne. Labarin wani siririn mai girki ne a gidan shayi, da maigidansa mai ƙaton tumbi da saurin fushi. Mai shagon kaset na bakin layinmu shi ya fassara shi da Hausa, kuma shi kaɗai ya yi muryar kowa, maza da mata da tsofaffi, har haushin kare. Bawan Allahn nan ko sannu bai sani ba da harshensu. Bakin mutanen kawai yake kallo, ya faɗi abin da ya zo masa. Duk mun san haka, kuma bai taɓa damunmu ba, tunda muna dariya har cikinmu ya ƙulle.

Akwai wani wuri a fim ɗin da babu yaro babu babba da bai haddace ba. Ana bikin maigidan, an cika teburori da abinci, sai siririn ya shigo. Ya zaro tsinken cin abinci guda uku, ya riƙe su a tsaye da hannu biyu daidai goshinsa, ya sunkuya a hankali a gaban maigidan, sau uku. Wuri ya yi tsit. Daga nan maigida ya zabura ya bi shi da ludayi har titi. Mai fassararmu ya ce mana wannan ita ce gaisuwa mafi girma a ƙasarsu, wadda sai sarakuna ake yi wa, kuma abin da ya sa maigida ya bi shi da duka shi ne da ya ɗago kai an ga maiƙon naman da ya sata a leɓensa.

Shi ke nan muka ɗauka. Da tsinken tsintsiya muke yi, ko biro uku, ko tsinken tsire. Wadda ta ci jarrabawa a yi mata, amarya in an gama yi mata kwalliya ƙawaye su jeru su yi mata, wanda ya tashi daga jinya a yi masa. Kakarmu da ta dawo daga Makka mu goma sha muka jeru a tsakar gida muka yi mata, tana ta zaginmu tana dariya. Wasa ne, amma wasa ne na so, ba ka yi wa wanda ba ka ƙauna. Maigidana ɗan unguwarmu ne, kuma ranar da ya fara zuwa zance wurina da ashana uku ya gaishe ni a soro.

Bayan mun zo Amurka na yi kwas na kula da marasa lafiya a gida, na samu takardar shaida, na kama aiki da wani kamfani. A shekarata ta huɗu suka tura ni wani gida a Irving Park, unguwar da in na shiga da tsohuwar motata sai na rage muryar rediyo ba tare da kowa ya ce in rage ba. Wanda zan kula da shi tsoho ne ɗan asalin Hong Kong, ya haura tamanin, ya yi shekaru yana da gidan abinci a gefen titin Wendover kafin ƙarfinsa ya ƙare. Yana zaune ne wurin 'yarsa, likitar haƙori, mace mai kirki amma wadda ba ta san wasa ba. Ita Likita nake ce mata. Shi kuwa tun ranar farko na ce masa Baba, ya tambaye ni ma'anarsa, na faɗa masa, ya ce su ma haka suke faɗa.

Kafin ni ya kori ma'aikata uku. Ni ma ya gwada. Ya ce shinkafata ta yi ruwa, washegari ya ce ta yi tauri, jibi ya ce ban iya wanke ta ba tun asali. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙurin raini ba. Na ajiye ludayi na ce masa, "Baba, mutum tara na girma ina ciyarwa a gidanmu, babu wanda ya mutu. Ko ka ci, ko ka tashi ka dafa." Ya kalle ni tsawon lokaci, sannan ya ce in tura kekensa na marasa lafiya zuwa kicin. A ranar ya koya mini faten shinkafa irin nasu, da citta da albasa mai lawashi, yana zaune yana ba da umarni da sandarsa. Tun daga nan muka daidaita.

A ɗakin wanki nake sallar azahar da la'asar, don nan ne babu mai wucewa. Ban taɓa ce masa komai ba, amma na lura in na shiga sai ya rage ƙarar talabijin. Har ya kai in na shagala da aiki shi ne zai ƙwanƙwasa agogon hannunsa ya nuna mini ƙofar. Wata rana ya ce, "Kullum kina sa goshi a ƙasa a gaban injin busar da kaya. Me ya taɓa yi miki?" Na ce ba injin nake yi wa ba, Allah nake yi wa, kuma Shi kaɗai muke yi wa haka, ko uwa ko uba ba a yi musu. Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa lemonsa.

Da bazara zuciyarsa ta motsa, aka kwantar da shi asibiti kwana tara. Gidan ya yi mini faɗi. Ina zuwa in share, in shayar da shukokinsa, in koma. Ranar Litinin Likita ta turo saƙo cewa gobe da rana za a sallamo shi, in zo da wuri. Abin da ba ta rubuta ba, kuma ban sani ba sai daga baya, shi ne likitocin sun ce ba za su sake yi masa aiki ba. Sun sallamo shi ne ya zo gida ya huta har lokacinsa ya yi, kuma a gabansa suka faɗa.

Ni kuwa murna nake kamar Sallah. Na saka sabon farin hijabina, na dafa faten, na jera tebur. Da na ji motar ta tsaya na leƙa, na ga Likita tana turo shi, ya rame, wuyansa ya fito daga riga. Tausayi ya kama ni, na ce bari in ba tsohon nan dariya, in kuma girmama shi da gaisuwar ƙasarsu da tun zuwana gidan ban taɓa samun dalilin yi masa ba. Ga tsinken cin abinci nan a kan tebur, na gaske, ba na tsintsiya ba. Na zari uku. Ana shigo da shi falo na tsaya a gabansa, na ɗaga su daidai goshina da hannu biyu, na sunkuya a hankali. Ɗaya. Biyu. Uku. Har da ɗaure fuska kamar yadda siririn yake yi.

Na ɗago ina jiran dariya. Baba yana kallona, bakinsa a ɗan buɗe. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ya juya kai gefe ya rufe ido.

"Ajiye su," in ji Likita. Muryarta a ƙasa take.

Na ce, "Likita, lafiya?"

"Ajiye su a kan tebur. Ɗauki jakarki ki fita daga gidan nan."

Na so in yi magana, ta buɗe ƙofa ta riƙe. Na fita da takalmin cikin gida a ƙafata, sai da na kai mota na lura. Na zauna a ciki ina ta juya abin a kaina, ban gano komai ba. Faten yana kan wuta, ko kashewa ban yi ba.

Washegari da hantsi shugabarmu ta kamfani ta kira ni. Baƙar fata ce 'yar garin, ta kusa sittin, kuma ta san aikina. Ta ce Likita ta shigar da ƙorafi a rubuce, ta haɗa da hoton bidiyo daga kyamarar falo. An dakatar da ni daga duk gidajen da nake zuwa. Ranar Juma'a za a zauna, kuma in abin ya tabbata a matsayin muzguna wa tsoho, dole ta kai rahoto hukuma, sunana ya shiga jerin da babu kamfanin da zai sake ɗaukata.

Na ce, "Wace muzgunawa? Gaishe shi na yi."

Ta ce, "'Yarsa ta ce abin da kika yi, gawa suke yi wa. Turaren tsinke uku ake riƙewa, a sunkuya sau uku a gaban hoton mamaci. Kuma fari shi ne kayan makokinsu. Ta ce kin yi wa mahaifinta jana'iza yana raye, a ranar da ya dawo gida bayan an gaya masa ya kusa. Tun jiya bai ci komai ba."

Na zame na zauna a ƙasan kicin ɗina. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Da hankalina ya ɗan dawo sai fushi ya taso, kuma duk a kan mai shagon kaset ya sauka. Da a ce yana kusa, wallahi da na shaƙe shi da waya. Mutum ya zauna a shago mai faɗin tabarma biyu ya shirga ƙarya, ƙaryar ta bi ni ta tsallaka teku ta zo ta same ni a falon mutane.

Maigidana ya dawo daga aiki da la'asar, na faɗa masa. Da farko leɓensa ya fara motsi zai yi dariya, ya kalli idona ya fasa. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce, "Kar ki kuskura ki ce musu a fim kika gani. Mutanen nan za su ce kin kalli wasan kwaikwayo kin zo kina kwaikwayon ƙabilarsu. Wannan ya fi na farko muni a ƙasar nan. Ki ce al'adarmu ce ta Hausawa, a haka muke gaishe da mara lafiya."

Na ce, "Da tsinken Chana?"

Ya ce, "To ki ce da me? Takardar aikinki ce fa za ki rasa."

Babbar 'yarmu tana gefe tana jin mu, ta sa baki da Turanci kamar kullum, ta ce ita ma tana ganin maganar fim ɗin za ta ƙara ɓata abin. Na daka mata tsawa ta shige ɗaki, alhali gaskiya ta faɗa. Na san shawarar maigidana za ta iya fitar da ni. Shugabarmu za ta rubuta saɓanin al'ada, a ja mini kunne, a tura ni wani gida. Amma Baba zai ci gaba da zama da abin da ya gani a ransa, kuma ni na san ba al'adar Hausawa ba ce, al'adar layinmu ce da mutum ɗaya ya ƙirƙira. Na ce in ma za a kore ni, a kore ni ya san ban yi masa fatan mutuwa ba.

Na kira yayana a Kano na ce ya nemo mini fim ɗin ko a ina yake. Ya ce, "Wanne? Na tsinke uku?" Ya fashe da dariya, ya ce ai makon jiya ma an yi wa ɗansa da ya gama bautar ƙasa. Na ce, "Yaya, don Allah bar dariyar nan, aikina ne zai tafi." Shagon kaset ya daɗe da komawa na tura finafinai a waya, mai shi ya tsufa, amma yana da abinsa a ajiye. Ranar Alhamis da rana ya iso mini gutsure-gutsure.

Na zauna na kalli wurin ni kaɗai, na kashe muryar. Komai yana nan a fili. Da siririn ya ɗaga tsinken, wata tsohuwa a teburin ta toshe baki, wata ta janye ɗanta. A bayan maigidan ma akwai 'yar kanta da hoton wani dattijo, da turaren tsinke uku a gabansa yana hayaƙi. Sau nawa na kalli wurin nan a rayuwata, ban taɓa ɗaga ido na ga kantar ba. Muna ta sauraron mai fassara, mun bar kallon abin da ke gabanmu.

A gidan aka yi zaman, ƙarfe goma na safiyar Juma'a, saboda Likita ta ƙi barin mahaifinta. Muka zauna a teburin cin abinci mu uku, ni da ita da shugabarmu da takardunta. Baba yana falo a kekensa, ya ba mu baya, yana fuskantar taga. Daga inda nake ina hango ƙeyarsa, da kwanon abinci a gefensa da ba a taɓa ba.

Shugabarmu ta karanta ƙorafin. Kowace kalma daidai take, babu ƙari ko ɗaya, shi ya sa ta fi zafi. Sannan ta ce in yi bayani. Maganar maigidana ta zo mini har kan harshe, na haɗiye ta, na ce a wani fim na gani tun ina yarinya, kuma an ce mana gaisuwar girma ce.

Likita ta ce, "Fim."

Na ce, "E, na barkwanci."

"Na barkwanci," ta maimaita, ta juya wurin shugabarmu. "Kin ji. Ta kalli wasan ban dariya a kan mutanenmu, ta zo ta yi wa mahaifina shi ranar da ya fito daga asibiti. Ki rubuta wannan ma."

Na ga biro ya fara tafiya a kan takarda. Na ciro waya na ce don Allah su duba da idonsu, minti biyu ne. Likita ta ce ba ta bukata. Amma na riga na danna, kuma na manta na ƙure muryar tun a mota. Kiɗan bikin ya cika gidan, wani kiɗa mai ƙarar faranti da algaita irin tasu. Ina kokawa in kashe, sai muka ji sandar Baba ta bugi ƙasa sau biyu.

Ya yi magana da harshensu, bai juyo ba. Likita ta amsa a gajarce. Ya sake magana da ƙarfi, irin muryar da yake yi mini a kan shinkafa. Ta tashi ba da son ranta ba, ta turo shi zuwa tebur. Bai kalle ni ba. Ya miƙo hannu, na sa masa wayar.

Ya kanne ido yana kallo. Siririn ya shigo, ya buɗe baki, sai ga muryar mutumin layinmu ta fito da Hausar Kano tsantsa. Baba ya nesanta wayar daga fuskarsa, ya sake matso da ita. Sannan na ga leɓensa yana motsi. Yana faɗin maganganun na asali da harshensu, kowanne kafin ɗan wasan ya buɗe baki, har da inda ake tari.

Ya ce da ni, ba tare da ya ɗago ba, "Wannan mutumin me yake cewa?"

Na fassara masa. Gaisuwar sarakuna, da maiƙon naman sata.

"Wane nama?" ya ce. "Babu nama. Maƙaryaci ne. Maigidan ya kori siririn daga aiki, shi ne ya zo ranar bikin haihuwarsa a gaban jama'a ya gaishe shi gaisuwar gawa. Yana nufin daga yau a wurina ka mutu." Ya mayar da wurin baya, ya sake kallo. Ya ce sau huɗu suka je silima da matarsa a kan fim ɗin nan kafin su baro gida. Ya ce a lokacin duk yaran unguwarsu sun ɗauka, suna yi wa malamai a bayan ido, wanda aka kama kuwa ya sha duka a makaranta ya sha a gida.

"Ku wa kuke yi wa?" ya tambaye ni.

Na ce amare, da waɗanda suka ci jarrabawa, da kakarmu ranar da ta dawo daga aikin hajji. Na ce mijina ma da ita ya nemi aurena.

Kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ta ƙwace masa har ta koma tari, Likita ta zabura da ruwa. Yana share ido yana cewa, "Gari guda. Kun binne junanku kaf, kuna murna." Shugabarmu ta sunkuyar da kai tana cije leɓe. Ni ban yi dariya ba, don Likita ba ta yi ba, kuma takardar tana nan a kan tebur.

Da tarin ya lafa sai ya kalle ni sosai, karon farko tun ranar. Ya ce, "Ranar Talata ban yi dariya ba. Na ɗauka kin ji abin da likitoci suka ce, kin gaji da ni, kina sauri."

Nan fa abin da nake dannewa tun kwana uku ya ɓalle. Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Da na sani da hannuna ya karye kafin in ɗaga su." Na yi kuka a gaban shugabarmu, abin da na rantse ba zan yi ba.

Shugabarmu ta tambayi Likita ko tana nan a kan ƙorafinta. Likita tana kallon mahaifinta, shi kuma yana ta danna wayata yana neman gutsure na gaba. Can ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Yunwa nake ji. Ta je ta ɗora fate, kuma kar ta cika ruwa." Likita ta jawo takardar, ta ninke ta biyu, ta sa a jakarta. Ta ce da ni, "Ban yafe ba tukuna. Amma jeki kicin."

Wata biyar na ƙara a gidan. Mun kalli fim ɗin ni da shi ya fi sau goma, yana tsayar da shi yana gyara ƙaryar mai fassara, wani lokacin kuma ya ce ta mutumin ta fi ta asali daɗi. Likita tana gaishe ni, tana gode mini, amma daga nesa. Maganar tsinke uku ba ta sake tashi ba. Ya rasu wata safiya da kaka, bayan na gama goge masa fuska, 'yarsa na riƙe da hannunsa.

Ranar jana'izar na je ni kaɗai, da baƙin hijabi, don har lokacin ina tsoron farin. Na shiga ɗakin. Ga hotonsa babba a gaba, da furanni, da kasko na yashi. Mutane sun yi layi, kowa in ya iso sai wani dattijo ya miƙa masa turaren tsinke uku, ya riƙe da hannu biyu daidai goshi, ya sunkuya sau uku. Abin da na yi shekaru ina yi da wasa, ga shi nan na gaske, kuma na san ba zan iya ba. Wannan ba russunawar gaisuwa ba ce, kuma goshina ba ya sauka don kowa sai Allah. Amma na san labarina ya zagaya danginsa, na ga yadda tsofaffin matan suke satar kallona. Za su ce ga wadda ta yi masa yana raye, yau da ya mutu ta ƙi.

Na so in zame in koma baya, amma an riga an taru a bayana. Layin yana ta matsawa. Saura mutum uku, saura biyu. Dattijon ya miƙo mini turaren, na karɓa don ban san yadda zan ƙi ba, na tsaya a gaban hoton kamar an dasa ni. Baba yana kallona daga ciki da fuskar nan tasa ta mai shirin kushe shinkafa. Na ji wata ta fara raɗa.

Sai na ji an taɓa gwiwar hannuna. Likita ce, ta taso daga wurin zamanta. Ta zare turaren daga yatsuna a hankali, ta juya ta yi wa mutanen magana da harshensu, 'yan kalmomi kaɗan. Na ga wani tsoho ya toshe baki, wata kuma ta share ido. Sannan ta juyo gare ni ta ce da Turanci, "Ya bar mini saƙo a kanki tun watan jiya. Ya ce kar a bari ki yi. Ya ce ke kin riga kin yi naki, kuma ke kaɗai ce kika yi yana gani."

Ta kama hannuna ta kai ni layin gaba, inda iyali suke, ta zaunar da ni kusa da ita. Na zauna ina yi masa kuka, yatsuna suna ƙanshin turaren da ban kunna ba.